Ayu Ba Kifi Ba Ne: Sharhi Kan Abincinsa, Haihuwarsa da Makomarsa a Ruwan Volta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da kayan mata, ko ya ga tallace-tallacen da ke yawo a WhatsApp da TikTok daga Kano har unguwannin zango na Ghana, ya ji sunan man ayu. Haka kuma idan aka ce wa namiji ayu, kowa ya san inda aka dosa, wato jarabarsa ta wuce misali. Sai dai da za a tare mai sayarwa da mai saye a tambaye su mene ne ayu, amsa za ta rarrabu. Wani zai ce wani ƙaton kifi ne, wani ya ce ɗan ruwa ne, wani kuma ya rantse cewa rabinsa mutum ne rabinsa kifi. Mutumin Binduri ko Bawku a arewacin Ghana yana iya ganin zancen bai shafe shi ba tunda teku na can kudu da nisan ɗaruruwan kilomitoci, alhali ruwan Farin Volta da ke wucewa ta gefen gonakinsa na albasa da kankana shi ne ke gangarawa har Tafkin Volta, inda wannan dabba take zaune. Manufar sharhin nan ita ce a warware ruɗanin, a kuma nuna cewa kallon ayu a matsayin kifi shi ne tushen ɓarnar da ake yi masa, domin yadda yake ci da yadda yake haihuwa ba su ba da damar a riƙa kama shi kamar tarwaɗa ko karfasa ba.

Kifi ko dabba mai shayarwa?

A bakin Bahaushe, kusan duk abin da ke iyo a ruwa kuma ba shi da ƙafa sunansa kifi. Masana halittu kuwa suna duba abubuwa huɗu kafin su yanke hukunci: numfashi, ɗumin jini, haihuwa da shayarwa. Kifi yana tace iska daga cikin ruwa ta kafofin da ke gefen kansa, jininsa na bin zafi da sanyin ruwan da yake ciki, galibinsa kuma ƙwai yake zubarwa. Dabba mai shayarwa tana da huhu, dole ta ɗago ta shaƙi iska, jininta na da ɗumin kansa, tana ɗaukar ciki ta haifi ɗa, sannan ta ba shi nono. Saniya da akuya da ɗan Adam duk a wannan aji suke, kuma akwai wasu daga cikin ajin da suka mai da ruwa gidansu. Su ne ake kira dabbobin ruwa masu shayarwa. Manyansu su ne wel, wanda muke ce wa kifin wel bisa al'ada, wato ƙaton nan na teku da wani jinsinsa ke kai mita 30 a tsawo; da dolfin, ɗan'uwansa ƙarami mai dogon baki; da sil, wanda ke fitowa tudu ko kan ƙanƙara ya haihu; sai kuma dangin ayu.

Dangin ayu jinsi huɗu ne suka rage a duniya. Akwai na yankin Karibiyan da jihar Fulorida ta Amurka, akwai na Kogin Amazon, akwai dugon da ke gaɓar Tekun Indiya da Bahar Maliya har zuwa Ostareliya, sai namu na Afirka ta Yamma, wanda masana suka raɗa wa suna Trichechus senegalensis tun 1795 saboda a Senegal Turawa suka fara bayyana shi. Babba yakan kai mita 3 zuwa 4, nauyinsa ya kai kilo 300 zuwa 500. Fatarsa toka-toka ce mai kauri da gashi jefi-jefi, ba ta da ɓawo irin na kifi. Wutsiyarsa faffaɗa ce kamar faifai, sama da ƙasa yake kaɗa ta, saɓanin kifi da ke kaɗa tasa hagu da dama. Hannuwansa biyu sun yi kama da filafilin kwalekwale, kuma a bakinsu akwai farata uku ko huɗu irin na giwa. Wannan kama ba ta banza ba ce, domin a cikin dabbobin tudu giwa da rema ne danginsa na kusa. Idan yana kai-komo yakan ɗago hanci bayan 'yan mintoci ya shaƙi iska, idan kuma yana hutawa yakan jure har kusan minti 20. Ma'anar wannan ita ce, ayu da ya maƙale a taru a ƙarƙashin ruwa nutsewa yake yi ya mutu, kamar yadda mutum zai mutu.

Daga bakin teku zuwa tsakiyar ƙasa

Ana lissafa ayu cikin dabbobin teku, amma namu na Afirka ruwan gishiri da ruwan daɗi duk nasa ne. Ana samunsa a ƙasashe 21, daga Kogin Senegal har Angola, kuma yana bin manyan koguna ya shige can cikin ƙasa: Kogin Kwara har Mali, Binuwai da rassansa, da tafkunan Lere da Tirene a kudu maso yammacin Chadi. Sunan ayu kansa ya daɗe da shiga littattafan Turawa, domin matafiyin nan Bajamushe, Eduard Vogel, ya ba da labarin dabbar da wannan suna daga Binuwai a tsakiyar shekarun 1850. Sarkawa, masuntan Kwara na yankin Yawuri da Kabi, da 'yan'uwansu Sorko na ƙasar Songhai, sun shahara tun da can da farautar dorina da ayu da zago, wato mashin farautar ruwa. Saboda haka dabbar ba baƙuwa ba ce a duniyar Bahaushe.

A Ghana, kammala madatsar Akosombo a 1965 ya sauya rayuwar ayu gaba ɗaya. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya shimfiɗu arewa har Yeji da Makango, mashigin da mutanen Salaga ke tsallakawa. Ayun da ke sama da madatsar sun rabu da na ƙasa, hanyar teku ta toshe musu har abada. An fi saninsu a reshen Afram da kuma gaɓar gandun daji na Digya, wanda aka kafa a 1971. Kwatankwacin haka ya faru a Nijeriya bayan gina madatsar Kainji a 1968. Tafki ya ba su ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa, amma ya killace su. Garken da aka killace kuwa, duk wanda aka cire daga cikinsa babu wani da zai zo daga waje ya maye gurbinsa.

Abin da ayu yake ci

Dabbobin ruwa masu shayarwa sun kasu wajen ci. Dolfin mafarauci ne, yana fitar da sauti ya saurari amsa-kuwwarsa, da haka yake gano kifi ko a cikin duhu. Yawancin manyan wel ba su da haƙori, sai wani abu mai kama da mataji a baki. Sukan kamfaci ruwa su tace shi, su haɗiye ƙananan jatan lande da ake kira kiril. Wel mai doro, wanda ke zuwa Tekun Gini daga Gabon har gaɓar Ghana wajajen Yuli zuwa Nuwamba, a can ƙuryar kudu kusa da Antatika yake cika cikinsa, sannan ya yi tafiyar dubban kilomitoci ya zo ruwanmu mai ɗumi don barbara da haihuwa, yana rayuwa galibi da kitsen da ya tara. Ayu shi ne makiyayin cikinsu, ciyawa ce abincinsa, shi ya sa wasu al'ummu ke kiransa saniyar ruwa.

Yana cin burgu da sauran ciyayin bakin kogi, da kainuwa, da bado, da ganyen itatuwan da suka sunkuyo kan ruwa, da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Wanda ya ga yadda yake ci zai tuna da giwa. Leɓensa na sama a rabe yake gida biyu, kowane ɓangare na motsi da kansa, an kuma yi masa gashi mai tauri kamar tsinken tsintsiya. Da shi yake cafko ciyawa ya tura baki, hannuwansa na taya shi riƙewa. Ciyawar ruwa cike take da yashi mai cinye haƙori, to sai aka yi masa turame da ba sa ƙarewa: sabo na tsirowa daga can baya, layin duka na matsowa gaba a hankali, wanda ya kai bakin layi ya riga ya side sai ya faɗi. Hanjinsa dogo ne, abinci na ɗaukar kusan mako guda kafin ya fita. A rana yakan ci abin da ya kai kashi 4 zuwa 9 cikin ɗari na nauyin jikinsa, wato ayu mai kilo 400 na bukatar ciyawa kilo 16 zuwa 36 kullum. Inda ake farautarsa, yawanci da dare yake kiwo.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa don adalci ga masunta. Sun daɗe suna cewa ayu na cinye musu kifi a raga. Binciken Dokta Lucy Keith-Diagne, wadda ta shafe shekaru tana nazarin ayun Afirka daga Senegal, ya tabbatar da maganar masunta: namu yana haɗawa da kifi da halittu masu ƙwanso irin su katantanwar ruwa. Haka nan da damina yakan bi ambaliya ya shiga fadamu, har gonakin shinkafa. Wannan bin ambaliya shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Idan ruwa ya janye da sauri, sai ya tarar da kansa a kududdufin da ke ƙafewa, kamar yadda aka sha ceto wasu a yankin Matam na Kogin Senegal. Jikinsa kuma ba ya jure sanyi. Ruwan da ya sauko ƙasa da digiri 20 yana cutar da shi. Dabbar da ke bukatar tarin ciyawa kullum, a ruwa mai ɗumi marar zurfi kusa da gaɓa, ba ta da wurin ɓuya daga mutum, domin nan ne daidai inda mutum ke kafa raga, yake noma, yake ɗibar yashi.

Barbara, ciki da shayarwa

A nan ne sunan da aka yi wa ayu ya fi nisa da gaskiya. Yawancin alƙaluman haihuwa an samo su ne daga ayun Fulorida, wanda aka fi bibiya a ruwa mai haske, kuma namu ɗan'uwansa ne na kusa ƙwarai. Ayu ba ya zaman aure, ba ya kuma zama cikin babban garke. Idan mace ta kai lokacin barbara, maza da yawa, wani lokaci fiye da goma, sukan biyo ta suna tureniya har na tsawon makonni, ruwa ya yi ta hautsinewa a bakin gaɓa. Wanda ya hango wannan daga kwalekwale dole ya koma gida da labarin jaraba, kuma da alama daga nan karin maganar ya samo asali. Abin da bai gani ba shi ne abin da ke biyo baya. Da zarar ciki ya shiga, maza sun watse, macen kuma ta gama da wannan sha'ani na shekaru.

Cikin ayu wata 12 ne zuwa 13, ya fi na saniya tsawo. Ɗa guda take haifa, tagwaye sai nadiran. Jaririn na fitowa da tsawon mita ɗaya da ɗoriya da nauyin kusan kilo 30, kuma aikinsa na farko shi ne ya kai hancinsa saman ruwa. Nonon uwar biyu ne, a hammata suke, bayan kowane hannu, a nan ɗan ke kama ya sha a ƙarƙashin ruwa. Yakan fara taɓa ciyawa cikin 'yan makonni, amma yana manne da uwar shekara ɗaya zuwa biyu, suna kiran juna da 'yar siririyar ƙara, tana koya masa inda ciyawa take da damina da inda ruwa ke saura da rani. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 3 zuwa 5, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa akan sami shekara biyu da rabi zuwa biyar. Wannan jinkiri halin manyan dabbobin ruwa masu shayarwa ne. Wel mai doro na ɗaukar ciki kusan shekara guda, ya haifi ɗa ɗaya duk bayan shekara biyu ko uku. Shuɗin wel na ba ɗansa nono mai kauri da kitse har ɗan ya riƙa ƙara kusan kilo 90 a rana. Dukkansu sun zuba jarinsu a kan ɗa guda mai tsada.

Sai a yi lissafi. Karfasa na zuba ɗaruruwan ƙwai sau da yawa a shekara, babbar tarwaɗa kuwa dubun dubata a zubi ɗaya. Idan masunta suka yi wa tafki kamun wuce-wuri sannan suka ɗaga ƙafa, cikin 'yan damuna kifi ya dawo. Macen ayu da ta yi shekara 30 tana haihuwa duk bayan shekara uku, 'ya'ya goma ke nan a duk rayuwarta idan komai ya tafi daidai, rabinsu maza, wasu kuma ba za su girma ba. Wanda ya soke mace mai goyo ya kashe biyu nan take, tunda ɗan ba zai rayu ba, ya kuma rufe ƙofar waɗanda za ta haifa nan gaba. Ko da mutum biyu ko uku ne kacal ke farauta a reshen tafki guda, kowane ya kashe 'yan ƙalilan a shekara, suna iya cire fiye da abin da ake haifa.

Man ayu da labarin 'yan ruwa

Imani biyu ne suka dabaibaye wannan dabba. Na farko shi ne na siffar mutum. Nono a gefen ƙirji, hannuwa masu farata, da fuskar da ke ɗagowa daga ruwa da almuru ta sake nutsewa, sun isa su haifar da labari. A kudancin Ghana da gaɓar Afirka ta Yamma ana danganta ayu da Mami Wata, mu kuma muna da namu 'yan ruwa. Turawa ma sun faɗa wannan rami: a Janairun 1493 Kolumbus ya rubuta cewa ya ga matan ruwa uku a kusa da tsibirin Hisfaniyola, kuma masana sun tafi a kan ayu ya gani. Wannan imani kaifi biyu gare shi. A wasu garuruwan bakin ruwa ya sa taɓa ayu ya zama abin ƙi, dabbar ta tsira. A wasu kuma ya sa kowane sashe na jikinsa, daga kitse zuwa haƙarƙari da al'aura, ya zama magani mai tsada.

Na biyu shi ne na man ayu, wanda ake tallatawa don ƙarin ni'ima da mallakar miji, wasu kuma don ciwon gaɓoɓi da na kunne. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne halin dabba na bin kitsenta ya shiga jikin mai shafawa. To ga shi mun ga halin da ake jingina wa ayu ba nasa ba ne: macen na shafe shekaru ba ruwanta da namiji, namijin kuma ba ya zama da mace ko na wata guda bayan barbara. Kitsensa kitse ne irin na sauran dabbobi, yana laushin fata kamar yadda man kaɗanya ke yi. Sannan akwai tambayar da ya kamata mai saye ta yi wa kanta. Dabbar da masunci kan yi shekaru bai gani ba, ta yaya manta ya cika kasuwanni da shafukan intanet? Ɗayan biyu ne. Ko dai abin da ke cikin kwalbar wani mai ne aka sauya wa suna, an cuci mai saye, an kuma sa ta shafa abin da ba ta san asalinsa ba a wuri mai saurin kamuwa da cuta. Ko kuwa na gaske ne, an kashe dabbar da doka ta hana kashewa.

Hujjojin masu ja da amsarsu

Masunci zai ce ayu na yaga masa raga, raga kuwa bashi ce a wuyansa. Manomin shinkafa zai ce an cinye masa gona cikin dare. Kukansu gaskiya ne, kuma duk wani shirin kare ayu da ya toshe kunne daga gare shi ba zai je ko'ina ba. Sai dai a duba yadda ake kama da yawa daga cikin ayun da ke zuwa kasuwa. Mafarauci na kafa 'yar rumfa a kan ruwa, ya rataya rogo ko ɗanyar ciyawa, ya zauna shiru da zago har dabbar ta ɗago. Wani kuma tarko yake haɗawa da itace a bakin rafi. Wannan nema ne da gangan saboda kuɗin nama da mai, ya bambanta da kare dukiya. Ɓarnar gona da ta raga kuwa ana rage ta da shinge a bakin fadama, da kauce wa shimfiɗa raga a mashigin da aka san suna bi.

Wani zai ce farautar ayu gado ce. Haka ne, amma gadon ya zo da ƙa'idoji: gidaje ƙalilan ne ke yin ta, a lokaci sananne, da izinin sarkin ruwa, da kwalekwalen hannu. Yau akwai ragar leda mai arha da ke kwana a ruwa, da injin jirgi, da wayar da ke haɗa mafarauci da mai saye a wata ƙasa. Abin da kakanni suka ɗiba da cokali, yanzu da masaki ake kwasa. Wani kuma zai kawo hujjar addini, cewa a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi dabbobin ruwa halal ne. Wannan daidai ne, kuma ba wanda ya ce naman ayu haram ne a zatinsa. Amma halaccin abu bai wajabta cinsa ba, malamai kuma sun san hukuma na iya taƙaita abin da ya halatta saboda maslahar jama'a, ɓarna a bayan ƙasa kuwa abin hani ce. Dokar kare namun daji ta Ghana ta 1971 ta hana farautar ayu ɗungurungum, Nijeriya ta sa shi cikin dokarta ta 1985, sannan a taron Bankok na 2013 ƙasashen yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, suka haramta cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa bisa bukatar Benin da Senegal da Saliyo.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta talauci: mutane na fama da abin sawa a baki, wa ke ta dabba? Amsar ita ce abin da ke raya ayu shi ke raya masunci. Ciyawar bakin ruwa da yake kiwo a ciki ita ce inda ƙananan kifi ke fakewa su girma, kashinsa taki ne ga ruwa, cinsa kuma na rage cunkoson ciyayin da ke toshe hanyar jirgi. A ƙasar Guyana har an yi amfani da ayu wajen share magudanan ruwa. Inda ayu ya ɓace saboda gaɓa ta lalace, kifi ma yana kan hanya.

Abin da zai iya biyo baya

Tarihi ya riga ya nuna iyakar wannan hanya. A 1741 masanin halittu Georg Steller ya bayyana wani ƙaton ɗan'uwan ayu mai tsawon kusan mita 8 a Tekun Berin. Matuƙa jirgi suka gano namansa, kuma zuwa 1768, shekara 27 kacal, ba sauran ko guda a duniya. A gefe guda, wel mai doro da aka kusa ƙarar da shi ya farfaɗo bayan an daina farautarsa, musamman da aka dakatar da farautar wel ta kasuwanci a 1986, sai dai farfaɗowar ta ɗauki gomman shekaru. Yunwa ma na kisa ba tare da mashi ba. A 2021 ayu kusan 1,100 suka mutu a Fulorida, da yawansu saboda gurɓatar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci. A Tafkin Ossa na Kamaru wata baƙuwar ciyawa mai suna salbiniya ta rufe kusan rabin tafkin ta danne abincin ayu, sai da aka saki wani ƙwaro mai cin ta sannan ruwa ya fara buɗewa. A gaɓar Ghana kuma, lokacin da gomman dolfin suka fito gaɓa a Axim a Afrilun 2021, mutane sun kwashi da yawa zuwa gida da kasuwa kafin hukuma ta yi gargaɗi, domin a idonsu kifi ne ya zo a ɓagas.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Noman rani har bakin Farin Volta a Binduri da Bawku ta Yamma, sare itatuwan gaɓa, ɗibar yashi, da wanke kwalbar feshi a kogi, duk suna tura laka da guba zuwa kudu, balle idan an saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso ya kwashi komai ya tafi da shi. Kogin Daka da ke ratsa ƙasar Yendi da Salaga, shi ma a tafkin yake zubewa. Manomin arewa da bai taɓa ganin ayu ba yana da hannu a cikin ruwan da ayu ke kiwo, mai sayen kwalba a zango kuma shi ke sa wa zagon mafarauci farashi.

Saboda haka aikin ya rabu a kan kowa. Hukumar kula da namun daji da ta kamun kifi su zauna da sarakunan ruwa na Yeji da Makango da reshen Afram, a san mashigan ayu, a saka wa masuncin da ya saki wanda ya faɗa ragarsa maimakon a bar shi da asara. Manoma su bar tazarar ciyawa da itatuwa tsakanin gona da kogi. Malamai da masu maganin gargajiya su gaya wa jama'a gaskiyar abin da ke cikin kwalbar. Kai kuma mai karatu, duk ranar da aka miƙo maka man ayu, ka tuna dabbar na ɗaukar ciki shekara guda, ta shayar da ɗa ɗaya shekara biyu, sannan ka mai da kuɗinka aljihu.